Yaushe masu bincike za su zo don tsofaffinmu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a wannan jarida domin in kai kuka ga Ma'aikatar Kiwon Lafiya da malaman tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai. Abin da nake nema shi ne a shirya bincike na sosai, wanda za a bi gida-gida, a kan ciwon mantuwa da ke kama tsofaffinmu, a yi shi da Hausa a nan jihar Tawa, a kuma haɗa shi da gwajin sauko da hawan jini a ƙauyuka. Ni ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya. Na riƙe majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, a gidajen likita na karkarar Adar, yanzu ina zaune cikin garin Tawa, kuma har gobe maƙwabta ba su daina yi mini sallama ba idan tsoho ya rikice musu a gida. Abin da nake gani a waɗannan gidaje ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kada wani ya ce Nijar ba ta iya babban bincike ba. Mun iya, duniya ma ta shaida. A Madarunfa ta jihar Maraɗi aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi, Rotasiil, a kan jarirai sama da 3,500, sakamakon ya fito a 2017 cewa yana hana kusan kashi biyu cikin uku na gudawa mai tsanani da ƙwayar rota ke kawowa. A Boboye da Loga na jihar Doso aka bi ƙauyuka ana ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin azitromisin sau biyu a shekara, a 2018 aka bayyana cewa mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100. A 2010 muna cikin ƙasashe uku na farko, mu da Mali da Burkina Faso, da suka fara allurar sanƙarau ta MenAfriVac. Ina alfahari da wannan duka, domin hannuna ya yi wa yara allura ba adadi. Sai dai a tsawon aikina, duk motar masu bincike da ta tsaya ƙofar likitarmu don yara ta zo, ko don mata masu ciki, ko don tamowa. Ban ga wadda ta tambayi yadda kakannin yaran suke ba. Rahoton da muke aikawa ƙarshen wata cike yake da zazzaɓin sauro da gudawa da tari da awon ciki, tsohuwar da ta manta hanyar ɗakinta kuwa ba ta shiga lissafi.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: ƙasarmu ta yara ce, kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai 65 ba su cika uku cikin ɗari ba, kuɗin kuma kaɗan ne. Gaskiya ne. To amma wannan ɗan kason, a ƙasar da ta wuce mutum miliyan 25, ya haura mutum rabin miliyan. Kuma yaran da muka ceta daga ƙyanda da sanƙarau su ne tsofaffin gobe in Allah Ya yi musu tsawon rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon mantuwa a duniya sun wuce miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke, kuma kusan mutum miliyan 10 ke kamuwa kowace shekara. Ƙungiyar duniya ta masu yaƙi da cutar Alzheimer ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa Afirka kudu da Sahara na da mutum miliyan 2.13 a 2015, za su kai miliyan 7.62 a 2050. Muna cikin wannan lissafi ko mun ƙidaya namu ko ba mu ƙidaya ba.

Bari in kawo maka mutum ɗaya. Wani dattijo ne a unguwarmu, tela, wanda ya yi zamani a kasuwa yana ɗinka manyan riguna. Abin ya fara masa a hankali. Sai ya auna yadi, ya juya ya ɗauki alli, ma'aunin ya ɓace masa. Sai mai kaya ya biya shi da safe, da yamma ya aika a karɓo kuɗin. Ya yi wa jikansa dukan da bai taɓa yi ba a kan satar almakashi, ashe shi ya tura shi ƙarƙashin tabarmar salla. Mutumin da ya yi shekaru a sahun gaba ya koma yana sallamewa a raka'a ta biyu. Abin da ya fi tayar wa iyalinsa da hankali shi ne la'asar sakaliya: da rana ta yi sanyi sai ya ɗauki hula da sanda ya ce zai tafi gida, alhali yana tsakar gidan da ya gina da kuɗin kansa. Gidan da yake nufi na mahaifinsa ne a ƙauye, wanda ya zama kufai tuntuni. Ƴarsa ta riƙe masa hannu ta ce, "Baba, ai nan ne gida, zauna ga fura." Ya dube ta da ladabi irin na baƙo ya ce, "Ke ƴar wa ce? Don Allah kira mini Inna, dare zai yi." Innar da yake kira ta rasu tun ƴar ba ta zo duniya ba.

Kafin a kira ni an riga an sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai baƙin bunsuru inda aka ce a kai. Ƴar ta tare ni a zaure ta ce, "Kawu Majo, ka faɗa mini tsakani da Allah, sammu aka yi masa?" Na ɗaura masa ma'aunin jini, na sami 190 bisa 110, abin da mu a nan muke cewa tansiyo 19. An taɓa rubuta masa magani shekarun baya, ya sha kwali ɗaya ya bari, don ba ya jin ciwon kai. Ba ni da ikon cewa hawan jinin ne kaɗai ya kai shi ga wannan hali, wannan aikin lokotoron ƙwaƙwalwa ne da hoton kai. Amma na san shekarun da jinin ya yi yana dukan ƙananan jijiyoyin kansa ba wanda ya auna shi. Wani abu kuma da ƴar ta gano da kanta: idan ta zaunar da shi gaban keken ɗinkinsa ta miƙa masa tsumma, ƙafarsa ta san aikinta, ya yi ta ɗinki har a kira magariba, maganar tafiya gida ta wuce. Ba littafin da ya koya mata wannan. Irin wannan sani yana nan jibge a hannun matan da ke jinya, ba mai zuwa ya rubuta shi.

Ya kamata masu karatu su san ciwon nan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho take kamawa ba. Mun san ƴan shekara 90 da ke kawo maka tarihin gari ba tuntuɓe. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya fara bayyana nau'in da ya fi yawa a 1906, kuma wannan nau'i ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon. Wasu sinadarai biyu, amiloyid da tau, ke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta, kuma sukan fara da wurin da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa tsoho zai ba ka labarin farin 1973 dalla-dalla, da sunan shanun da suka mutu, amma ya rantse ba a ba shi kalaci ba alhali ƙwaryar na gabansa. Wani nau'in kuma daga jijiyoyin jini yake zuwa, bayan shanyewar ɓarin jiki ko ƙananan toshewa da ba a lura da su ba, kuma babban mai jawo shi hawan jini ne. Sau da yawa nau'in biyu a kai ɗaya suke haɗuwa.

Akwai kuma ruɗewar da ke warkewa, ita ce ta fi ƙona mini rai idan aka bar ta. A zafin watan Afrilu aka kira ni ga wata gwaggo da ta rikice cikin kwana biyu, tana fizgar zane tana magana da mutanen da ba kowa ke ganinsu ba. Iyalin har sun fara cewa tsufa ne ya zo, sai haƙuri. Jikinta zafi, harshenta a bushe, fitsarinta ɗan kaɗan mai wari. Aka kai ta asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, aka ba ta maganin cutar mafitsara, ta dawo tana yi wa jikokinta faɗa kamar da. Ciwon mantuwa a watanni da shekaru yake rarrafowa. Wanda ya rikice dare ɗaya, a nemi zazzaɓi, ƙarancin ruwa, sukari, ko wani magani da ya sha, a kai shi likita ranar. Tsohon da ya faɗi ya bugi kai ya canza hali bayan ƴan makonni, mai yiwuwa jini ne ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma tiyata na fitar da shi. Ciwon maƙoƙo, ƙarancin bitamin B12, baƙin cikin da ya kwantar da mutum, kurumta da yanar ido, duk suna iya sa a ɗauka mutum ya ruɗe. Bincike na gida-gida zai tsamo waɗannan mutane tun a zagayen farko, ko da bai yi komai ba bayan haka.

Maƙwabtanmu sun riga mu. A 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, irin su Farfesa Osuntokun da Farfesa Ogunniyi, suka haɗa hannu da na Indiyana a Amurka, suka gwada tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanapolis da ma'auni ɗaya. A 1995 suka sami ciwon a kashi 2.29 cikin 100 na ƴan Ibadan masu shekara 65 zuwa sama, a can Amurka kuwa kashi 8.24. Suka kuma ga cewa wani gado na jini da ake kira APOE4, wanda ke ƙara haɗarin cutar sosai ga Turawa, bai nuna irin wannan ƙarfi ga Yarabawa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da aka gano a jikin Bature ba lallai ya hau kanmu daidai ba. A ƙasar Binin an sami kashi 2.6 a karkarar Jija da 3.7 a Kwatano. A Bangi ta Afirka ta Tsakiya an sami 8.1, a Barazabil ta Kwango 6.7. A Zariya, cikin Hausawa ƴan'uwanmu, binciken da ya fito a 2011 ya sami kusan uku cikin ɗari. Ka ɗora adadin Jija a kan tsofaffi rabin miliyan, ka sami 13,000. Ka ɗora na Bangi, ka wuce 40,000. Ministan da zai tsara kasafi ba zai iya aiki da wannan tazara ba, sai an je an ƙidaya.

Ƙidayar kuwa tana da sharaɗi, a nan ne nake son malaman jami'a su saurare ni da kyau. Jarrabawar da likitoci suka fi amfani da ita, mai maki 30 da aka fitar a Amurka a 1975, tana tambayar kwanan wata na Bature, ta ce ka cire 7 daga 100 ka yi ta cirewa, ka rubuta jimla, ka kwafi zane da fensir. Wata kuma ta ce ka zana agogon bango. Ka kai wannan ga tsohuwar Keita ko Buza da ba ta taɓa riƙe fensir ba, za ta faɗi warwas alhali kanta garau yake. Ita da watan Azumi da na Layya take lissafi, ranar kasuwa ce kalandarta, kuɗi kuma da dala take ƙirga shi: abin da takarda ta kira 100, a bakinta ishirin ne. Tambaye ta canjin jika ɗaya bayan an sayi gero na dala tamanin, ka ga lissafi. Masu binciken Ibadan sun yi aiki da wata jarrabawa da aka tsara don mutanen da ba su yi boko ba, wadda ke tambayar tsohon ta kuma tambayi wanda ke zaune da shi. A gundumar Hai ta Tanzaniya sun ƙirƙiri gajeruwa: sunan shugaban ƙauye, ranar mako, dabbobi nawa za ka lissafa cikin minti ɗaya, kalmomi goma da za a karanta maka a sake tambayarka, da jera ashana yadda aka nuna maka. Irin wannan muke bukata da Hausar Adar, a fara gwada ta a kan tsofaffin da aka san lafiyarsu ƙalau kafin a yanke wa kowa hukunci da ita, sannan a yi ta Tamashek da Fulatanci don mutanen Abalak da Cintabaradan.

Ko shekarun mutum aiki ne. Yawancin tsofaffinmu takardarsu cewa take an haife su wajen shekara kaza, wani ma ba shi da takardar. Dole mai tambaya ya zama ɗan ƙasa da ya san tarihin wurin: kina da aure lokacin da aka sami ƴancin kai a 1960? Ƴaƴa nawa gare ki ranar da Kunce ya karɓi mulki a 1974? Wa kike goyo a yunwar 1984? Baƙon da ya zo da tafinta ba zai iya wannan ba, amma ɗaliban likita ƴan jihar nan da ungozomomi da mu tsofaffin ma'aikata za mu iya.

Yanzu ga dalilin da ya sa na haɗa da hawan jini. Rediyo ta yi ta ba da labarin sabbin magungunan Amurka, har wani ɗan cin rani ya bugo mini waya daga Abijan yana tambaya ko ya sayo wa mahaifiyarsa. Wanda ake kira Leqembi ya sami cikakken izini a Amurka a 2023. An gwada shi a kan mutum 1,795, cikin wata 18 ya rage saurin lalacewar da kashi 27 cikin 100. Bai tsayar da cutar ba, bai kuma dawo da abin da ya tafi ba. Lokacin da aka ba shi izini, ta jijiya ake ɗura shi duk mako biyu, ga masu farkon ciwo kaɗai, bayan an tabbatar akwai amiloyid a kansu, kuma sai an riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa don yana iya kawo kumburi ko zubar jini. Kuɗinsa a 2023 dalar Amurka 26,500 ne a shekara, wajen miliyan 16 na sefa, ban da hotuna. Daga Tawa zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 500 ce. Na ce wa yaron ya aiko da kuɗin ma'aunin jini da na maganin shekara, ya kuma aiko da na mai taya matarsa aiki.

Labarin da ya kamata rediyonmu su yayata daga ƙasar Sin ya fito a 2025. A ƙauyuka 326 aka ɗauki mutum kusan 34,000 masu hawan jinin da bai sauka ba. A rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba manyan likitoci ba ne, suka riƙa auna jini, suna ba da magani kyauta ko da rangwame, suna bibiyar mutum har jininsa ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Sauran ƙauyukan aka bar su da kulawar da aka saba. Bayan shekara 4, kamuwa da ciwon mantuwa ta yi ƙasa da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka bibiya. Da na karanta wannan sai na tuna ƙananan gidajen likitan da aka gina a ƙauyukanmu zamanin Tanja, da ƴan sa-kai da ke bin gidaje don maganin zazzaɓin damina. Kayan aikin muna da su, magungunan kuma tsofaffi ne masu araha da ke kowane famasi. Abin da ya rage a gwada shi ne ko tsarin zai yi aiki a inda ake tafiyar kilomita goma a amalanke kafin a ga ma'aikacin lafiya, inda miya ke shan gishiri da dunƙule da kanwa, inda mutum ke barin magani da zarar ya ji sauƙi ko azumi ya kama. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa. A cikinsu akwai rashin karatu tun yarinta, kurumta, raunin gani da ba a yi wa magani ba, ciwon sukari, taba, bugun kai, gurɓatacciyar iska da kaɗaici. Duk wanda ya ga ɗan kabu-kabu ba hular kwano, ko tsohuwar da ta ƙare rayuwarta tana shaƙar hayaƙin murhu, ya san jerin nan da mu yake.

Kaɗaicin nan ina so in tsaya a kansa, don mutane na cewa mu ba mu san shi ba, tsohonmu cikin iyali yake. A Adar maganar ta canza. Ƙasar ƴan cin rani ce, akwai ƙauyukan da bayan girbi ba ka ganin namiji mai ƙarfi, suna Abijan, suna Libiya, suna Aljeriya, wasu shekara da shekaru. Wa ke wanke tsohuwa idan ta ɓata shimfiɗa? Matar ɗanta, yarinya mai goyo, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga dare ba barci don kada surukar ta buɗe ƙyaure ta fita. Kuma ita ce ta farko da tsohuwar za ta ce ta sace mata kuɗi ko ta hana ta abinci, mijin ya ji ta waya ya hau faɗa, dangi su ɗauka. Na ga auren da ya mutu a kan wannan. Na ga tsohon da aka ɗaure wa ƙafa da igiya a turken tsakar gida, ba don mugunta ba, don matan sun rasa yadda za su je gona su bar shi. Mafi muni, tsohuwar da ta ɓace da dare aka tsince ta a ɗakin wasu kusa da jariri, gari ya waye ana ce mata mayya, yara na jifa. Wannan baiwar Allah ɗakinta take nema. Malamanmu sun san ayar da ta ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, sun kuma san an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Ina roƙonsu su faɗi wannan a huɗuba, kuma duk binciken da za a yi ya auna nauyin da ke kan masu jinya kamar yadda zai auna jinin tsoho.

Saura maganar amana, wadda in ba a gyara ta ba, ba mai buɗe ƙofa. Hausawa ba su manta da Kano ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara 200, 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003, mu ma da ke wannan gefen iyaka mun sha tambayoyi a kai. To wanda za a bincika a nan mutum ne da wataƙila ba zai iya fahimtar abin da ake nema a gare shi ba. Ƙa'idar Helsinki, wadda likitocin duniya suka kafa a 1964, ta ce a nemi izinin waliyyinsa, shi ma a nemi yardarsa gwargwadon fahimtarsa, in ya ƙi a ƙyale shi. A wurinmu sai an yi tunani a kan waye waliyyin. Babban ɗa yana Abijan, ƙanen tsohon ne mai faɗa a ji, amma wadda ta san yaushe ya fara mantuwa da abin da ke firgita shi ita ce matar da ke wanke shi. A nemi izinin mazan, ko ta waya ne, a gaban shaida, amma a zauna da matar ita kaɗai a saurare ta. A karanta takardar da Hausa da babbar murya kafin a sa kowa ya dangwala yatsa. In za a ɗebi jini, a faɗa wa mutane ina za a kai shi, wa zai riƙe shi, har yaushe. Duk wanda aka samu da hawan jini ko sukari ko yanar ido, kada a rubuta shi a takarda a wuce, a haɗa shi da magani. Idan an gama kuma a dawo fadar hakimi da gidajen rediyon garuruwa a faɗa wa jama'a abin da aka gani. Muna da kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya, shi ya kamata ya gindaya waɗannan sharuɗɗa tun kafin a fara.

Ban ce a ɗebi kuɗin allurar yara a kawo nan ba, Allah Ya kiyaye. Tun 2006 ƙasa ta ɗauki nauyin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma haka ya dace. Farawa ba ta bukatar abu mai yawa: unguwa biyu cikin garin Tawa da ƴan ƙauyuka a Illela ko Madawa, ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu, likitan ƙwaƙwalwa da zai riƙa zuwa daga Yamai ya tabbatar da waɗanda jarrabawa ta nuna, da babban asibitin jiha don gwajin jini. Wanda ke da adadi a hannu shi masu ba da tallafin bincike ke saurara.

Ina roƙonka, Malam Edita, ka aika wakilinka ya kai wannan wasiƙa ga shugaban tsangayar likita da daraktan lafiya na jihar Tawa, ka buga mana amsarsu a wannan shafi kafin 21 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe don wannan cuta. Mu tsofaffin ma'aikatan jinya da ungozomomi da ke zaune a Tawa mun yi maganar a tsakaninmu. Mun san ƙauyukan, mun san masu garin, muna da ma'aunin jini a gida, kuma a shirye muke mu yi rakiya da tambayoyi ba tare da an biya mu albashi ba, in dai za a ɗauki nauyin mota da maganin waɗanda za a samu da ciwo.

Wassalam.

Naka,
Tsohon majo mai ritaya,
Tawa, Jamhuriyar Nijar